Wanda aka gani a mafarki ba shi da laifi

Bara, a tsakiyar zafin nan na watan Afrilu da ko bango ka dafa da dare sai ka ji shi da ɗumi, 'yar yayata mai shekara tara ta kwanta zazzaɓi. A dare na biyu ta farka a firgice, jikinta kamar garwashi, tana kuka tana cewa Iya mai ƙosai ta miƙo mata nama a ƙwarya, ta ce sai ta cinye. Iya dattijuwa ce da ke suya a bakin lungunmu tun ina yaro. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata biyu suna aure a wasu garuruwa, ita kaɗai ce a ɗakinta. Kafin a idar da sallar asuba maganar ta bar ɗakin yayata ta shiga ɗakin gwaggonmu, kafin hantsi kuwa ta tsallake katanga.

Gwaggo ta same ni a zaure ina ƙoƙarin fito da babur. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Yarinya ta kama suna da bakinta. A je a kira matar nan ta tsallake ta, ta sakar mata kurwa." Na ce, "Gwaggo, ki yi mini haƙuri, a bar ni in kai ta a duba jininta tukuna. In ba a ga komai ba sai mu zauna mu yi magana." Da ƙyar ta yarda. Aka ɗebi jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi mata yawa. Aka yi mata allurai aka ba ta magani, kwana uku ta miƙe tana neman abinci. Yarinya ta warke, amma magana zarar bunu ce. A satin nan ina wucewa da safe ina ganin Iya zaune gaban kaskonta, mai yana tafasa, ƙullu cike da roba, yaran da suka saba yi mata layi da kwano suna wuce ta suna tafiya can bakin titi.

Namu ya zo da sauƙi. A watan Fabrairun 2025 babbar kotun jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa ta hanyar rataya, saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 da suka yi a 2023 a wani ƙauye da bai yi nisa da birnin nan ba. Matar ɗaya daga cikinsu ce ba ta da lafiya, ta yi mafarkin dattijuwar tana bin ta da wuƙa. Suka same ta a gona suka kashe ta. Rai ya tafi, gidaje biyar sun shiga makoki, a kan abin da wata mara lafiya ta gani tana barci. Tun da na ji wannan shari'a na kasa daina tunanin yadda tazarar da ke tsakanin zaurenmu da gonar nan ba ta da yawa.

Ni ban raina mafarki ba. Musulmi ne ni, kuma na san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafarki na gari yanki ɗaya ne cikin yanki 46 na annabci. Na san kiran sallar da muke ji sau biyar a rana ta hanyar mafarkin sahabi Abdullahi ɗan Zaidu ya zo. Sai dai shi Annabin da ya girmama mafarki shi ne kuma ya kasa shi gida uku: akwai na bushara daga Allah, akwai na ɓacin rai daga Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni da shi a ransa ya kwana da shi. Mu a Kano mun ɗauki gida ukun nan mun zuba a tukunya ɗaya, duk abin da aka gani da dare sai a ce an nuna. Ra'ayina shi ne mafi yawan abin da muke gani zancen zuci ne, kuma ko wane iri ne a cikin ukun, ba ya zama hujja a kan wani mutum.

A 1953, a Jami'ar Chicago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura cewa akwai lokutan da idon mai barci ke ta kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma a wannan lokaci ƙwaƙwalwa na aiki kusan kamar ta wanda yake farke. Cikin waɗanda Aserinsky ya fara gwada na'urarsa a kansu har da ɗansa ɗan shekara takwas. Da suka riƙa tashin mutane a daidai wannan lokaci, galibinsu sai su ba da labarin mafarki tiryan-tiryan. Daga nan aka gane barci ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Zagaye ne mai tsawon kusan minti 90, mutum ya nutse can ƙasa, ya taso, ya shiga barcin motsin ido, ya sake nutsewa, sau huɗu zuwa shida a dare. Barcin motsin ido na farko gajere ne, bai fi minti goma ba, amma yadda dare ke ja haka yake ƙara tsawo, na dab da safiya yakan kai rabin awa ko fiye. In an haɗa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na barcin baligi ke nan. Jariri kuwa kusan rabin barcinsa a haka yake yin sa. Duk wanda ya saba komawa barci bayan asuba, musamman da azumi bayan sahur, ya san irin dogayen mafarkan da ake yi a lokacin, kuma dalilin ke nan. Kowa yana mafarki kullum, har mai cewa shi ba ya yi. Mantawa ake yi, domin sinadaran da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta adana sabon abu suna ja baya a wannan barci, shi ya sa kafin ka gama alwala rabin labarin ya zube.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aiki ke rabuwa a cikin kai. Ɓangaren da ke bayan goshi, mai auna abu ya ce wannan zai yiwu wannan ba zai yiwu ba, yana yin sanyi. Ɓangaren da ke kula da tsoro da tashin hankali kuma yana ƙara wuta. Kamar kasuwa ce ta cika maƙil, sarkin kasuwa ya tafi gida. Shi ya sa za ka ga kanka a Kantin Kwari, ka juya ka ga kana ajinku na firamare, kakarka da ta rasu shekara ashirin tana raba alli, kuma ko kaɗan ba za ka yi mamaki ba sai ka farka.

Kayan da ake gina mafarkin da su kuwa daga rumbun mutum ake ɗebo su. Wanda aka haifa da makanta yana mafarki, amma nasa ya fi cika da sauti da taɓawa da ƙamshi, domin su ne a rumbunsa. A 2001 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Matthew Wilson da Kenway Louie, suka bi diddigin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye yayin da suke gudu a kan wata hanya da aka koya musu, da ɓerayen suka yi barci sai aka ga ƙwayoyin suna maimaita tsari iri ɗaya, kamar suna sake bin hanyar. Abin da ke faruwa a ɗakin ma yana kutsawa ciki. A 1958 William Dement da wani abokin aikinsa sun yayyafa wa masu barci ruwa, da yawa daga cikinsu suka tashi da labarin ruwa a mafarkinsu. Mu ma mun san wannan ba tare da na'ura ba. Yaro ya yi mafarkin ya shiga banɗaki ya tashi ya jiƙa katifa. Ladan ya ɗaga murya ka ji shi a cikin mafarki kafin ka ji shi a kunne. Janareton maƙwabta ya zama jirgin sama.

To a dawo kan 'yar yayata. Fuskar da take fara gani kowace safiya bayan ta mutanen gida ita ce ta Iya. Tun tana ƙarama ake faɗa mata kada ta karɓi abin hannun mutane, ta ji hirar mayu a tsakar gida, ta ga an nuna su a fim suna ba da nama. Ga zazzaɓi mai zafi, wanda an san yana hargitsa barci yana kawo munanan mafarkai. Ga ɗaki ba wuta ba iska. Ƙwaƙwalwar yarinya ta ɗauki tsoro ta nemi fuskar da za ta ɗora masa, ta ɗauko wadda ta fi kusa. Da mai shayi take gani kullum, da shi za ta ambata. Kuma ina roƙon mai karatu ya lura da irin mutanen da sunansu ke fitowa a bakin marasa lafiya har a ɗauki maganar da gaske: tsohuwa mara gata, bazawara, kishiyar uwa, baƙon da ya kama haya a unguwa. Ban taɓa jin an je ƙofar gidan mai kuɗi an ce ya fito ya tsallake yaro ba.

Dannau ma yana da nasa bayanin. A barcin motsin ido ƙwaƙwalwa tana ɗaure tsokokin jiki, ban da na numfashi da na ido, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Rahama ce babba, in ba haka ba da wanda ya yi mafarkin gudu ya faɗo daga bene. Wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa. Ido biyu, ka san ɗakinka, amma hannu ya ƙi ɗaguwa, murya ta ƙi fita, ƙirji ya yi nauyi, ragowar mafarki kuma ya zubo cikin ɗakin ka ga kamar inuwa a bakin ƙofa. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintuna ya sake ka. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike 35 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantar haka, a cikin ɗalibai kuwa kusan 28 cikin 100, kuma ya fi kama mai ƙarancin barci, da wanda lokacin barcinsa ya rikice, da mai kwanciya rigingine. Kowace al'umma ta raɗa masa suna. Mutanen Japan suna cewa ɗaurin ƙarfe, Sinawa suna cewa fatalwa ce ta danne gado, a Masar aljani ake ɗora wa. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ba su sura guda, kuma addu'ar kwanciya ba abin sakaci ba ce. Amma ɗalibar da ta kwana uku tana karatun jarrabawa dannau ya danne ta, barci take buƙata kafin a fara zargin wadda suke ɗaki ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne addinin da ake fakewa da shi ya riga ya toshe wannan ƙofa. Annabi ya koyar da cewa wanda ya ga abin ƙi ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah, ya juya kwanciya, kuma kada ya faɗa wa kowa, ba zai cutar da shi ba. Wani mutum ya zo ya ce ya ga an sare masa kai a mafarki, Annabi ya hana shi ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi. Mai kyau ma aka ce a faɗa wa masoyi kawai, kamar yadda Annabi Yaƙubu ya ce wa Yusufu kada ya ba 'yan uwansa labarin taurari goma sha ɗaya da rana da wata. Da mun bi wannan koyarwa kaɗai, da mafarkin yarinyar nan bai wuce kunnen uwarta ba. Imam Shaɗibi na Andalus ya kawo labarin alƙali Sharik da halifa Mahdi na Abbasiyawa. Halifa ya yi mafarkin alƙalin ya juya masa baya, mai fassara ya ce masa alamar munafunci ce, ya sa aka kawo takobi. Sharik ya ce masa mafarkinka ba na Annabi Ibrahimu ba ne, mai fassara maka kuma ba Annabi Yusufu ba ne, yanzu da mafarkin ƙarya za a sare wuyan muminai? Halifa ya ji kunya ya sallame shi. Halifa ke nan mai mulkin duniyar Musulmi a zamaninsa, balle ni da gwaggona.

Aka tambayi Imam Malik, wanda mazhabarsa muka tashi a kai a ƙasar nan, ko kowa zai iya fassara mafarki. Ya ce, da annabci ake wasa? Yau kuwa fassarar mafarki ta zama sana'a. A buɗe waya a gani. Mace ta aiko saƙo ta ga maciji a ɗakinta, wanda bai san ta ba, bai san gidanta ba, bai san ko ranar ta ga maciji a bidiyo ba, nan take zai ce akwai maƙiyiya kusa da ke, ki kula da wadda kike ci da ita. A gidan da ke da kishiya ko facala ko uwar miji, wannan jimla ɗaya ashana ce a cikin kara. Daga nan sai zancen karya sihiri da kuɗin turare da na rago. Littafin fassarar nan da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi da ƙofofin masallatai da sunan Ibn Sirin, malamai masu bincike da yawa sun ce ba shi ya rubuta shi ba, daga baya aka tattara aka jingina masa. Shi malamin, wanda ya rasu a Basra a shekara ta 110 bayan hijira, ana ba da labarin mutum biyu sun zo masa kowanne ya yi mafarkin yana kiran sallah, ya ce wa ɗaya zai yi aikin hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, domin ya dubi halin kowannensu. In haka ne, ta ina littafi mai jera maciji kaza, ruwa kaza, haƙori kaza zai yi wa mutum miliyan aiki? Haka aka mai da istihara. Addu'ar da sahabi Jabir ya ruwaito raka'a biyu ce da roƙon zaɓin Allah, mutum ya yi da kansa, babu maganar jiran mafarki a cikinta. Amma aure nawa aka fasa a garin nan saboda an biya wani ya kwana, ya tashi ya ce ya ga duhu?

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini: ai ni na yi mafarki kuma ya tabbata. Ban musa ba. Akwai mafarkin gaskiya, kuma akwai lissafi. Birni mai miliyoyin mutane, kowa yana mafarkai da dama kowane dare, dole wasu su dace da abin da zai faru gobe. Wanda ya dace shi ake riƙewa ana ba da labari shekara da shekaru, dubun da ba su dace ba kuwa ba wanda ya ƙirga su. Uwar da ta yi mafarkin ɗanta ya yi hatsari a hanyar Zariya ta daɗe tana wannan fargaba ido biyu. Ko mafarkin gaskiyar ma sai an auna shi a farke. Abdullahi ɗan Zaidu bai hau bango ya fara kiran sallah ba sai da Annabi ya tabbatar. Wani masanin kimiyya mai suna Otto Loewi, a ƙasar Ostiriya, ya farka da dare da dabarar wani gwaji, ya rubuta a takarda, da safe ya kasa karanta rubutunsa. Da dabarar ta dawo masa a dare na biyu sai ya tashi ya tafi ɗakin gwaji ya jarraba ta da zukatan kwaɗi biyu, ya tabbatar da cewa jijiyoyi suna aika saƙo ta hanyar sinadari. Wannan aiki na 1921 ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 1936, kuma gwajin aka ba kyautar. Annabi Yusufu ma da ya fassara mafarkin sarki na shanu bakwai, abin da ya fito da shi tsarin noma ne da adana hatsi a zangarniyarsa, aka ceci ƙasa daga yunwa.

Akwai kuma masu mafarkin da muka yi watsi da su alhali su ne ke buƙatar a saurare su. Garin nan ya ga hare-haren bama-bamai na 20 ga Janairun 2012, ya ga harin babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki a ranar 28 ga Nuwamban 2014. Akwai waɗanda suka tsira da ransu amma dare bai daina mai da su wurin ba. Akwai waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa, da waɗanda suka gudo daga Borno da Zamfara. Mummunan mafarki mai maimaita kansa bayan tashin hankali ciwo ne sananne, kuma ana maganinsa, har da wata hanya da ake koya wa mutum ya sauya ƙarshen mafarkin ya riƙa bitarsa da rana. Dattijon da ya fara kai naushi da shuri cikin barci, ɗaurin nan na tsoka ne ya kwance masa, kuma likitoci sun san hakan kan riga ciwon karkarwar jiki na Parkinson zuwa da shekaru. Wasu magunguna ma suna kawo mafarkai masu nauyi, haka barin kayan maye farat ɗaya. Irin waɗannan mutane likita ya kamata su gani, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, tare da addu'ar da ba a rabuwa da ita.

Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba guda a kan ladubban mafarki, hadisan suna nan a Buhari da Muslim, ba sai an yi nisa ba. Gidajen rediyo su daina sayar da fili ga mai nuna wa mace maƙiyi a cikin danginta. Masu unguwanni kuma su sani dokar ƙasa ta hana jifan mutum da maita, ranar da aka kawo musu irin wannan ƙara, wadda ake zargi ce ke buƙatar kariya.

Bayan sati biyu na ce wa yayata, "Yaya, mun ɗauki alhakin baiwar Allah nan, ki shirya mu je." Muka same ta bayan la'asar tana gyaran wake a ƙofar ɗakinta. Muka durƙusa muka gaishe ta, yayata ta fara magana kuka ya ƙwace mata. Iya ba ta ɗago ba, tana ta tsince tsakuwa daga cikin waken. Can ta ce, "Ni na yi wa uwarku wankan jego lokacin da aka haife ki. Ya jikin yarinyar?" Muka ce ta warke. Ta ce, "Alhamdulillahi. Ku tashi, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Washegari na ba yarinyar kuɗi da kwano, na tsaya a ƙofar gida ina kallo har ta sayo ta dawo. Ciniki ya ɗan farfaɗo, amma ƙullun da Iya ke kai wa inji yanzu bai kai na da ba, kuma har yau akwai gida biyu a lungunmu da ba sa aiken yaransu wurinta.